Numfashi a Bayan Labule

Thunder Bay, 9 ga Satumba

Zuwa ga ɗana Orest,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya a duk ƙasar da jirgi ya sauke ka. Na aika ta ofishin wakilinka na Toronto, don na gaji da bin sawunka a taswira. Kada ka ce in koyi aika saƙo ta kwamfuta. Shekarata saba'in da huɗu, biro bai taɓa ba ni kunya ba.

Katinka na Milan ya iso, na manna shi a bangon ɗakin bita kusa da na Dresden da na Tokyo. Yanzu sun kai sittin da ɗaya. Yara sukan tsaya suna kallo, sai in nuna musu kujerar baya in ce nan mai aiko su ya zauna da gogensa, yana kaɗa kai kamar ɗan tsako na tsattsagar hatsi, har sunan Tsako ya bi shi. Ba sa yarda. Wata mai busa ƙaho ta ce wai mutumin da jaridu ke kira babban jagoran makaɗa ba zai taɓa zama Tsako ba. Na ce ta jira ta gani da idonta.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. A watan Mayu zan ajiye ƙungiyar makaɗa ta matasa, bayan shekara arba'in da shida. Kunnena na hagu ya tafi, na dama ma ya fara haɗa kayansa. Makon jiya masu goge suka kauce daga sauti ban ji ba, sai a fuskokinsu na gani. Malamin kiɗan da ya koma karanta kuskure a fuska, ai lokacinsa ya yi.

Wasanmu na ƙarshe ranar tara ga Mayu ne, a zauren makarantar da ka sani, wanda bututun ɗumama ɗaki ke tari a tsakiyar kiɗa. Roƙona ka zo ka riƙe musu sandar jagoran kiɗa, ko da kiɗa ɗaya ne, wannan mai taushin da kuka yi a shekararku ta ƙarshe, wanda obo, siririyar algaitar nan, ke jan ragamarsa. Su hamsin da biyu ne. Ba gwanaye ba ne, amma suna da kunne, suna kuma da yunwar koyo. Ina so sau ɗaya a rayuwarsu su ga abin da hannu ke iya yi idan ya san inda za shi.

Sai dai bana ba mu da mai busa obo. Yarinyar da ke busa mana iyayenta sun koma Winnipeg. Yanzu fiyano ke ba mu sautin da kowa ke daidaita kayan kiɗansa da shi kafin a fara, aikin da ka san na obo ne tun kaka da kakanni. Abin dariya, ga obo nan a gidana, shekara ashirin da biyu tana kwance a akwatinta bisa kabad.

Mai ita, 'yata Kaisa, tana lafiya. Tana nan a tashar jiragen ruwa tana duba ingancin alkama kafin a loda. Kowace Lahadi takan zo da kifi, ta gyara mini famfo ko ƙofa, mu yi hira a kan komai ban da kiɗa.

Ka ci abinci, na gan ka a hoto ka rame. Ka huta lafiya.

Malamarka,
Irma Lahti

*

Munich, 2 ga Oktoba

Zuwa ga Malama Irma,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na ga wasiƙarki, na karanta ta a tsaye tsakanin bita biyu. Labarin kunnenki ya taɓa ni ƙwarai. Wannan kunnen ne ya kama ni ina cin cingam a bayan goge daga nisan kujera talatin.

Malama, da kunya nake faɗa, ba zan iya zuwa ba. A Mayu ina Vienna da sabon wasan opera, an sa hannu a kansa tun shekara huɗu da suka wuce. Daga nan Seoul, daga nan Sydney. Mu a wannan sana'a kwanakinmu ba namu ba ne. Nakan farka ban san ƙasar da nake ba sai na ga irin burodin da aka kawo mini da safe.

Nan ma rigima ce kullum. Mawaƙiyar da ya kamata ta mutu a ƙarshen wasa ta rantse ba za ta mutu a kwance ba, wai murya ba ta fita. Mai tsara wasa ya ce ba a mutuwa a tsaye. Kwana uku muka yi kafin aka sasanta ta mutu a jingine da kujera. Shekara hamsin da uku gare ni, ga abin da nake shiga tsakani a kai.

Ina da mataimakiya, Renata, haziƙa ce. Zan iya turo ta da littafin kiɗana mai alamomin fensir, ta yi wa yaran bita mako guda. Za su ƙaru da ita fiye da ni, don ta fi ni haƙuri.

Ki gaishe da Kaisa, idan tana karɓar gaisuwata. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗalibinki,
Orest Pawluk

*

Thunder Bay, 18 ga Nuwamba

Ɗana Orest,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da tayin mataimakiyarka, amma ba littafinka na roƙa ba. Alamomin fensir ni ma ina da su, wasu ma ni na koya maka yin su.

Na daɗe ban ba ka amsa ba, sai yanzu da wani abu ya faru. Lahadin da ta wuce da rana rediyo ya sa wasanka na Munich. Na manna kunnena mai ji a jikin akwatin. Kaisa tana ɗakin girki tana gyara kifi. Da aka zo wurin da kiɗa ke shirin dawowa gida, sai ka tsayar da makaɗa ɗari da mawaƙa duka, ka bar shiru ya zauna tsawon numfashi guda cikakke, fiye da yadda littafi ya ce. Ka san daga inda wannan ya fito. Mahaifina ne yake yin haka da mawaƙan cocinmu, yana cewa numfashin waɗanda ba su samu zuwa ba ne, a bar musu wurinsu. Ni na koya muku, kai da Kaisa, kuna 'yan shekara goma sha biyu.

Mai gabatarwa ya yi ta zuba yabo, ya ce masana na kiransa shirun Pawluk, wai babu wani jagora a duniya mai zuciyar yin sa. Sai na ji wuƙa ta tsaya a kan katako. Kaisa ta ce, ba ta ko juyo ba, “Ashe idan sanda ce ta yi shiru sunansa hikima. Idan obo ce, numfashi ya yi tsawo.” Ta ci gaba da kifinta.

Ka gane maganar. Su ne kalmomin da aka rubuto mata shekara ashirin da biyu da suka wuce, bayan ta je gwajin neman kujerar babbar mai obo a ƙungiyar da ta fara ba ka jagoranci, can Amurka. Ta kai zagayen ƙarshe aka ɗauki wani. Ta dawo ta ɗora akwatin bisa kabad, ta ce mini, “Kiɗanki na ƙauye ne, Mama, ba ya tsallake tafkin garin nan.” Ba ta sake busawa ba.

Akwai abin da ba ta sani ba, wanda ni da kai muka sani. Ɗaruruwan yara na koya wa yadda ake gwaji. Ana rataya labule tsakanin mai kiɗa da masu hukunci. Ana shimfiɗa darduma don kada takalmi ya nuna mace ce ko namiji. Ba suna, sai lamba. Ba magana, ko tari ba a so. Nakan ce musu labulen nan shi ne gatan wanda ba shi da kowa. Amma ni ɗin nan, mako guda kafin gwajin, na zauna na rubuta maka cewa Kaisa na cikin masu zuwa, ka buɗe kunne, za ka gane ta a wurin numfashi. Da murna na rubuta, wallahi, kamar mai aika albishir.

Ba ka amsa wannan wasiƙar ba. Daga ranar kuma wasiƙunka suka koma kati mai layi biyu. Shekara ashirin da biyu ina tsoron tambaya, yanzu kuwa kunne na gudu, ina so in ji amsa kafin ya ƙarasa tafiya. Orest, me ya faru a gaban labulen nan?

Ka faɗa mini gaskiya, na iya ɗauka. Ka huta lafiya.

Malamarka,
Irma

*

Buenos Aires, 14 ga Disamba

Malama,

Ina gaishe ki. Sau huɗu na fara wannan takarda ina yagawa. Wannan ba zan sake karanta ta ba, don kada in gyara ta har ta zama ƙarya.

Wasiƙarki ta wancan lokacin ta iso kwana biyu kafin gwajin. Lokacin shekarata talatin da ɗaya, wata huɗu kacal da ba ni aikin. Tsofaffin makaɗa suna kirana yaron Kanada a bayan idona, suna jiran in yi tuntuɓe. Doka a bayyane take. Wanda ya san mai shigowa bayan labule, ya faɗa wa kwamiti ya fita daga zauren. Da na yi haka sai an tambayi yadda na sani, sai an ga wasiƙar uwarta, wataƙila a cire sunanta gaba ɗaya. Na ce wa kaina don in kare ta zan yi shiru. Na ninke takardar na sa a aljihu, na shiga na zauna da ita a ƙirjina.

Mutum sittin da uku suka busa cikin kwana uku. Ita ce lamba goma sha huɗu. Ko ba wasiƙa da na yi zargin ita ce, amma zargi daban, sani daban. Da zargi ne da na ɗaga hannu da zuciya ɗaya.

Malama, ban taɓa jin obo irin ta ranar ba, kuma tun daga lokacin na tsaya a gaban manyan masu busa na ƙasa talatin. Da ta zo wurin numfashin ta yi shiru, mu goma a zauren babu wanda ya motsa. Tsoho Wendell, shugaban masu busa, mutumin da ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, ya cire tabarau yana goge ido. Aka rage su biyu. Kwamiti mutum tara, shida suka zaɓi lamba goma sha huɗu. Wendell ya juyo ya ce, “Yallaɓai, wannan ce. Shekara talatin ina jiran ta.”

Amma maganar ƙarshe ta jagora ce. Sai na hango ana yaye labule, a ga 'yar garinmu ce, 'yar malamata, yarinyar da na raka rawar kammala makaranta. Kwana nawa za a yi kafin wani ya tono? Za a ce yaron Kanada ya shigo da tasa ta bayan gida. Na ji takardar tana ƙona mini ƙirji. Na buɗe baki na ce lamba goma sha huɗu numfashinta ya yi tsawo, za ta riƙa jan ƙungiya baya. Wendell ya daɗe yana kallona, ya mayar da tabaransa. Da hannuna na rubuta kalmomin da aka aika mata.

Daga tagar bene na ga fitarta. Ana yayyafi, tana tafiya zuwa mota da akwatin obo a hannu ɗaya, takalmanta a ɗayan. Ta cire su ne don labule, ta manta ba ta sa ba.

Bayan shekara guda aka gayyace ni opera ta farko a Turai. Tsoro ya kama ni a tsakiyar wasa, hannuna ya rasa abin yi, sai ya yi abin da kika koya masa, ya tsaya. Washegari jaridu suka ce an haifi sabon jagora. Tun daga nan ake gayyata ta ƙasa ƙasa saboda wannan shirun. Abin da na kore ta a kansa, shi ya ciyar da ni. Duk lokacin da na tsayar da sanda mutum dubu biyu suka riƙe numfashi, ni ita nake ji a bayan labule.

Shi ya sa nake aiko kati. Kati ba shi da filin faɗin gaskiya. Kuma maganar Vienna gaskiya ce, amma ba ita ta hana ni zuwa ba. Ba zan iya tsayawa a zauren nan in kalli kujerar obo ba.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke wasiƙa kika rubuta, ni na yi hukunci. Ki yafe mini idan za ki iya.

Ɗalibinki,
Orest

*

Thunder Bay, 27 ga Janairu

Ɗana Orest,

Ina gaishe ka, na kuma gode da ka faɗa. Ka ce kada in ɗora wa kaina. Ka bar ni da kayana, kai ma ka ɗauki naka. Kowa ya san nauyin nasa.

Sati biyu takardarka na ƙarƙashin tulun sukari. Sau uku na kai ta bakin murhu. Daga baya na ce shekara ashirin da biyu yarinyar nan tana yawo da hukuncin ƙarya a kanta, ba ni da ikon ƙara mata ko kwana ɗaya don in tsira da mutuncina. Lahadin farko ta wannan wata, tana shigowa da kifi, na miƙa mata.

A tsaye ta karanta, ko rigar sanyi ba ta cire ba, ƙanƙarar takalminta na narkewa a kan dabe. Ta kai wani wuri ta tsaya ta tambaye ni, shida cikin tara? Na ce haka ya rubuta. Ta sake karanta layin, leɓenta na motsi. Na ɗauka kai za ta zaga. Sai ta ɗago ta ce, “Mama, kin rubuta masa?”

Na ce na rubuta. Ta ce don me. Na ce na ji tsoron kada su ƙi ta.

“Wato ke ma ba ki yarda zan iya ni kaɗai ba.”

Ta ajiye kifin a kwano, ta wanke hannu, ta ce famfon nan zai jira, ta tafi da takardar. Lahadi uku ke nan ba ta zo ba. Ta turo maƙwabcina ya share mini ƙanƙarar ƙofar gida, don haka na san ba ta manta ina raye ba.

Orest, duk rayuwata tura yara gaba nake yi. Na kai su gasa a motata cikin sanyi, na rubuta wasiƙun shaida sun fi dubu, na buga wa mutane waya har suka daina ɗauka. Na iya riƙe hannun yaro. Abin da ban taɓa koya ba shi ne cire nawa hannun. Ni mai koyar da numfashi, na kasa yin shiru na mako guda a lokacin da shirun zai yi wa 'yata amfani.

Jiya a bita na gaya wa yara labarin, ban faɗi suna ba. Na ce idan wata rana wani mai ƙaunarku ya ce zai yi muku magana a bayan labule, ku roƙe shi ya bari. Suka zuba mini ido, ban san ko sun gane ba.

Na janye roƙona. Kada ka zo saboda ni. Fiyano zai ba mu sauti, kiɗan obo kuma zan cire shi daga jerin. Allah ya tsare hanyarka.

Malamarka,
Irma

*

Thunder Bay, 20 ga Fabrairu

Tsako,

Gaisuwa, tunda haka aka koya mana a fara. Kaisa ce. Na samo adireshinka a bayan ambulan.

Kada ka tsaya jiran zagi, na gama zaginka a mota tsakanin gida da tasha, kullum safe, wata guda. Na yi da Turanci, na yi da yaren kakata, har na ari na kakarka. Ya ƙare.

Bari in gaya maka abin da ka saya da kalmomi huɗun nan naka. Na san alkama yanzu. Ina damƙar hatsi in faɗa maka gonar da ta sha ruwa da wadda fari ya taɓa. Abokan aikina mutanen kirki ne, ina da gida a bakin tafki, ina da kare. Ban mutu ba, kada ka sa ni a opera. Amma shekara ashirin da biyu, duk shagon da na shiga aka sa kiɗa mai obo, sai in ajiye kwando in fita. Kuma shekara ashirin da biyu ina kallon tsohuwar nan ina cewa a raina ita ta koya mini abin da ya kayar da ni. Wannan ne ba zan yafe maka da wuri ba. Kujerar ƙungiya abu ne mai sauƙi. Ka ɗauke mini uwa kana can kana shan tafi.

Ita ma da nata, na sani. Ina fushi da ita, amma fushin gida ne, ba ruwanka.

Tambaya ɗaya nake da ita. Na san ku masu sanda, kun iya gaya wa mawaƙiya ta fi kowa don ta yarda ta mutu a inda kuke so. Yanzu laifi na cin ka, mai laifi kuwa bakinsa zuma ne. Da gaske na busa yadda ka ce, ko dai tsufa ne ya sa kake ƙawata abin? Kada ka ba ni amsa da daɗin baki. Idan ba ka da abin da ya fi maganarka, ka yi shiru, an ce ka iya.

Sai wata rana.

Kaisa

*

Vienna, 11 ga Maris

Kaisa,

Ina gaishe ki. Kin yi gaskiya, maganata ba shaida ba ce.

Ga wata takarda a ciki. Ta tsoho Wendell ce, wadda ya yi rubutu a kai ranar gwajin. Bayan an tashi ya bar ta a kan kujerata, da gangan, ya fita. Bai sake yi mini magana ba sai ta aiki har ya rasu. Tana cikin jakar sandata tun ranar, ta je duk inda na je. Ki duba layi na goma sha huɗu. Fensir ɗin ya dushe amma yana karantuwa: “Kada a bar wannan ta tafi.” Bai san sunanki ba, bai ma san ko mace ce ba, lamba kawai ya sani. Takardar taki ce, ba tawa ba.

Na gaya wa mutanen nan Renata za ta riƙe wasan kwana uku a Mayu. Shugaban gidan opera ya yi ihu da harshe biyu. Ranar tara ga wata zan kasance a zauren makaranta, a kujerar baya, kusa da bututu mai tari. Ba zan taɓa sanda ba sai an ce in taɓa. Idan kika ce kada in zo ma, ba zan zo ba.

Ki huta lafiya.

Orest

*

Thunder Bay, 6 ga Afrilu

Tsako,

Gaisuwa. Takardar ta iso.

Na koma cin kifin Lahadi, na gyara famfon. Na sauko da akwatin daga kan kabad, Mama ta yi kamar ba ta gani ba, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta daɗe. Wuƙar feƙe karan busa tana nan, ta yi tsatsa kaɗan. Leɓena ba ya wuce minti huɗu, sautin kamar agwagwa mai mura. Wadda Wendell ya ji ba za ta dawo ba, kada ka zo nemanta.

Zan ba yaran sautin farawa. Kiɗan mai taushi minti shida ne, ina da wata guda in nemo sauran biyun. Mama ta mayar da shi cikin jerin.

Ka zo da sandarka. Ba yafiya ba ce. So nake ka tsaya a gabana babu labule. Idan na kai wurin numfashi zan ja shi yadda kakana ya ja. Ka riƙe hannunka a sama, ka jira har in gama.

Kaisa